Murya da Numfashi a Tarihin Wasan Kwaikwayon Hausa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya ya san Gizo tun kafin a ambaci sunansa. Da zarar tsohuwa ta lanƙwasa harshe ta ce "sayki" a maimakon sarki, ko "yaƙumi" a maimakon raƙumi, yara sun gane wanda ya shigo, sun kuma san cewa akwai wata cuta da za a ƙulla nan gaba kaɗan. Tsohuwar nan ba ta tashi daga kan tabarma ba, ba ta sauya zane ba, sau da yawa ma ko fuskarta ba a gani saboda duhu. Da maƙogwaro da iskar ƙirjinta kawai ta gina wannan tauraro. Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi sawun wannan fasaha tun daga tsakar gida da dandali har zuwa zamanin rediyo da na fim, mu ga inda ta yi ƙarfi da inda ta raunana. Idan muka ce tauraro muna nufin mutumin da aka ƙaga a cikin wasa, ɗan wasa kuwa shi ne wanda ya ari bakinsa.

Ɗaliban tsarin sauti ba sa bukatar dogon bayani game da yadda murya take samuwa. Iska ce take tasowa daga huhu, ta ratsa maƙwallato ta kaɗa tantaninsa, sannan harshe da leɓɓa da ganɗa da kogon hanci su sarrafa ta. Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ɗan wasa yana iya taɓa shi da gangan. Yana iya gajarta numfashi ya zama tsoho ko marar lafiya, yana iya matse maƙogwaro ya zama mai ƙeta, yana iya tura iskar ta hanci ya zama wani mutum dabam. Har ila yau Hausa tana da baƙaƙe haɗiyau da tunkuɗau, irin su ɓ da ɗ da ƙ da ts, waɗanda ba a furta su sai an motsa maƙwallato. Sakin waɗannan baƙaƙe ko ƙarfafa su kaɗai ya isa ya gaya wa mai sauraro daga inda mai magana ya fito.

Kafin zuwan boko

Ba Gizo kaɗai yake da muryarsa a tatsuniya ba. Kura akan yi mata murya mai kauri da gurnani, wadda ta dace da haɗamarta da wautarta, tsuntsaye da 'yan mata kuwa akan siranta musu murya, musamman idan aka zo wurin waƙa. Lokacin da Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, ya adana mana labarai masu ɗimbin yawa, amma mafi yawan wannan aiki na maƙogwaro bai hau takarda ba, don kuwa takarda ba ta da wurin ajiye shi.

A tashe ma haka abin yake. Idan azumi ya yi kwana goma, yara sukan liƙa gemun auduga su riƙe sanda su fito a matsayin tsofaffi. Gemun ba ya ruɗin kowa. Abin da yake sa masu gida dariya har su yi kyauta shi ne yadda yaro ɗan shekara goma zai karkarwa da murya, ya yanke magana a tsakiya kamar numfashi ya ƙare masa, ya yi nishi kafin ya ɗaga ƙafa. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa, kakansa ya saurara. 'Yan kama su ne suka mayar da wannan sauraro sana'a. Ɗan kama yakan yi shigar malami, ya ɗauki karin murya irin na mai jan baƙi ko mai wa'azi, da tsayawa inda malami yake tsayawa da jan numfashi inda yake ja, sai dai duk abin da yake zubawa a cikin wannan kari zancen tuwo ne da nama da fura. Daɗin wasan yana cikin saɓanin da ke tsakanin murya mai alfarma da zance marar nauyi, saboda haka in muryar ba ta yi daidai da ta malamin ba, wasan ya mutu. Wani Bature mai suna C. G. B. Gidley ya yi nazarin wannan sana'a ya buga a 1967.

Bori yana da nasa matsayi a wannan tarihi, ko da yake masana sun daɗe suna jayayya a kan ko ya cancanci a kira shi wasan kwaikwayo. Masu cewa a'a suna da hujja, domin ɗan bori bai yarda cewa kwaikwayo yake yi ba, a wurinsa iska ce ta hau shi. Mu ba wannan jayayya ce ta dame mu ba, ba kuma hukuncin bori a addini muke tattaunawa ba, wanda sananne ne. Abin da ya shafe mu shi ne 'yan kallo suna gane kowace iska ta hanyar alamun da kowa ya sani, kuma da yawa daga cikin alamun nan na murya ne da numfashi. Malam Alhaji tsoho ne mai jan carbi, ana gane saukarsa da tari da sanyin magana. Kuturu yana danƙare yatsu yana magana ta hanci. Bebe ba ya magana sam, sai ishara da gurnani. Ɗan Galadima kuwa ɗan sarauta ne mai taƙama da kyauta. A. J. N. Tremearne, wanda ya buga littafinsa kan bori a 1914, ya tattara yawancin bayanansa ne daga Hausawan da suke zaune a Tunis da Tarabulus, kuma iskokin da ya tarar a can da siffofinsu sun yi kama ƙwarai da na gida. Ke nan waɗannan taurari sun ƙetare Sahara a cikin ƙirjin mutane ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba. Wani abin sha'awa kuma, da atishawa ake sanin iska ta sauka. Da numfashi take zuwa, da shi take tafiya.

Fada ita ce ta koya wa Bahaushe alaƙar murya da matsayi. Sarki ba ya ɗaga murya, ba ya kuma yawaita magana. Amawali ya rufe masa baki, idan talaka ya faɗi gaisuwa fadawa ne suke amsawa da ƙarfi a madadinsa. Mai ɗaga murya a fada shi ne maroƙi da sanƙira da mai shela, wato waɗanda suke ƙasa. Matan fada da suke wasan gauta, da samarin ƙauye da suke naɗa sarki da alƙali da hakimai a lokacin kalankuwa, duk sun san wannan ƙa'ida, kuma da ita suke wasa. Mun tsaya a kan wannan ne domin sau da yawa a dandamalin makarantu mukan ga wanda aka ba rawar sarki yana daka tsawa yana haki, a zatonsa haka mulki yake. Wannan sarkin wasu ne. Namu sarki numfashinsa a kwance yake, kalma biyar zai faɗa a hankali, sauran jama'a su yi masa ihun.

Kada kuma mu manta da makarantar allo. Yaron da ya yi shekaru yana karatu da ƙarfi a tsakiyar tsara, ya koyi mafitar kowane harafi, ya koyi inda ake waƙafi da yadda ake tanadin numfashi don a kai ƙarshen aya, ya sami horon da ake biyan kuɗi mai yawa a nema a makarantun wasan kwaikwayo na wasu ƙasashe.

Da wasa ya hau takarda

A shekarun 1930 Dokta R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays domin amfanin makarantu, a 1949 kuma Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa. Daga nan wasan kwaikwayo ya zama abin da ake karantawa a aji. Ribar da aka samu a fili take. Asarar ita ce ba a cika magana a kanta ba. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Idan marubuci ya rubuta "ya tafi", ɗan wasa ne zai zaɓa ko labari ake bayarwa cewa mutumin ya riga ya tafi, ko umurni ake yi cewa ya kama hanya. Ɗauki kalmar "to" kawai. Akwai "to" ta amincewa, gajera. Akwai wadda ake ja ta nuna shakka, akwai ta barazana, akwai ta wanda aka fi ƙarfinsa ya sallama, akwai ta matar da ta ji an ce za a yi mata kishiya. A takarda duk haruffa biyu ne. Haka kuma tsaki da ajiyar zuciya da shewa da gyaran muryar maigida idan zai shiga gida, waɗanda Bahaushe yake isar da saƙo cikakke da su, sai dai marubuci ya sa ɗan bayani a gefe cewa wane ya yi tsaki. Ɗalibin da ya san wasa ta hanyar littafin jarrabawa kaɗai yakan tashi da zaton cewa tauraro jigo ne da jerin halaye da za a haddace, har ya manta cewa mutum ne mai huhu.

Zamanin rediyo

Rediyo ce ta mayar wa murya martabarta. An kafa rediyo mai waya a Kano a 1944, sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, sannan a 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, irin waɗanda aka tara a Zamanin Nan Namu na 1959, ta rediyo jama'a suka fara jin su kafin su zama littafi, haka kuma Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Wanda ya karanta waɗannan littattafai da ƙarfi zai ji cewa don kunne aka tsara su.

Rediyo ta komar da ɗan wasa cikin irin duhun da tsohuwa take tatsuniya. Babu rawani, babu gemu, babu harara. Idan mutum biyar suna magana a zaure ɗaya, dole mai sauraro ya bambance su da kunne, saboda haka dole kowa ya zo da kaurin muryarsa da saurin maganarsa da irin inda yake yanke numfashi. Amma rediyo ta zo da wani abu da dandali bai sani ba, wato makirfo. A dandali wanda ya yi raɗa ba a jin sa, don haka kome sai an ƙara masa ƙarfi. A gaban makirfo kuwa raɗa tana isa Agadas. A nan ne 'yan wasanmu suka gane cewa ɗan shirun da mutum zai yi kafin ya amsa tambaya ya isa ya nuna ƙarya zai yi, kuma rawar da numfashi yake yi kafin kuka ta fi kukan kansa taɓa zuciya. Matsowa kusa da makirfo ko ja da baya ya zama shi ne shiga ɗaki da fita.

Babu misalin da ya fi Samanja bayyana abin da muke faɗa. Usman Baba Pategi Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, ya yi aikin soja a zamanin yaƙin basasa, a shekarun 1970 kuma ya shahara da wasan Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna. Ya rasu a watan Nuwamba na 2023. Abin da mutane suka fi tunawa shi ne Hausarsa ta bariki, mai gauraye da Turancin buroka, wadda ba ruwanta da bambancin namiji da mace a nahawu. Amma da a ce gurɓata Hausa ne kawai sirrin, da an sami Samanja ɗari, don kuwa masu kwaikwayonsa ba su ƙirguwa. Abin da suka kasa ɗauka shi ne numfashin. Muryar fareti daga ciki take fitowa, a guntu-guntu, kowace gaɓar ƙarshe kamar an buga ƙafa a ƙasa. Mutumin da ya yi shekaru yana ba da oda a fili jikinsa ya saba da wannan, har ya zamana ba shi da wata hanyar magana, ko da a cikin gida ne, ko da lallashi yake son yi. Daga nan ne abin dariyar yake tasowa, daga nan ne kuma tausayin yake tasowa. Pategi ya san wannan mutumi daga ciki domin ya zauna da shi a bariki.

Wannan ya kawo mu ga wani al'amari da ya kamata mu faɗa a fili, musamman mu da muke karatu da koyarwa a tsakiyar wasu al'ummu. Kwaikwayon Hausar Bagware ko ta Bafillace ko ta Bayarabe tsohon abu ne a wasanninmu, kuma al'adar barkwanci tsakanin ƙabilu ta ba shi wani irin izini. Sai dai ita ce hanya mafi araha ta sa mutane dariya. A saki ƙ ta koma k, a juya "ya" da "ta", shi ke nan an gama. Wanda aka gina haka ba shi da sana'a, ba shi da shekaru, ba shi da abin da yake tsoro, harshensa kawai aka ara don a yi masa dariya. A ganinmu wannan rowar fasaha ce, kuma maƙwabtanmu da suke jin Hausa suna gane bambancin wanda ya saurare su da wanda ya raina su.

Da talabijin ta bazu, waɗanda suka yi fice a cikinta mutane ne da ake gane su ko an juya wa akwatin baya: Ƙasimu Yero a Karambana, wanda kuma sauran 'yan Nijeriya suka sani a wasan Turanci na Cock Crow at Dawn, da Karkuzu a Jos, da Golobo da Sakkwatancinsa. A ƙetaren iyaka ma, Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram sun yi irin wannan suna a Nijar.

Abin da jami'a ta kawo

A Turai an daɗe da mayar da wannan fanni darasi. Stanislafski na Rasha, wanda ya shahara da koyar da ɗan wasa ya nemo tauraro a cikin zuciyarsa, ya gamu da cikas a 1915 lokacin da ya fito a wani wasa na Pushkin: zuciyar ta cika, amma muryar ta kasa ɗaukar baitocin. Wannan ya sa ya koma ya duƙufa kan nazarin furuci. Antonin Arto na Faransa, a littafinsa na 1938, ya tafi a kan cewa kowane yanayi na zuciya yana da irin numfashinsa, don haka ɗan wasa yana iya shiga yanayin ta ƙofar numfashi. A Ingila Cicely Berry ta fitar da littafinta kan murya a 1973, Kristin Linklater kuma ta fitar da nata a Amurka a 1976, dukansu suna koyar da sakin jiki da jan numfashi daga ƙasan ƙirji. Irin wannan ilmi ya shigo Nijeriya ta makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1960, sannan ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka fara darasin a 1975 aka kuma gina dandalin wasa na ƙasa mai siffar gidan Bahaushe.

Motsa jikin da waɗannan littattafai suke koyarwa yana da amfani ga kowa, huhu dai huhu ne. Amma darasinsu na furuci a kan Ingilishi aka gina shi, kuma a nan ne ya kamata mu yi hattara. A Ingilishi ɗan wasa yana da 'yancin ɗaga sauti a kan kusan kowace kalma da yake son jaddadawa. A Hausa karin sauti ya riga ya kama aiki, shi yake bambanta lokutan aiki. Bahaushe idan zai jaddada abu sai ya jawo kalmar gaba ya bi ta da "ne" ko "ce", ko ya jefa "fa" ko "dai" ko "kam" ko "ma". Ɗan wasan da ya ɗauki salon jaddadawar Ingilishi ya ɗora wa Hausa sai ka ji shi kamar mai karanta fassarar labarai. Abin da ya rage a hannun ɗan wasan Hausa shi ne ɗaga jimlar gaba ɗaya ko sauke ta, da sauri ko jinkiri, da kauri ko kaifi, da inda zai numfasa. Wato dai kayan aikin tsohuwa da ɗan kama.

Kyamara da ɗakin ɗaukar murya

Da fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 aka buɗe babin finafinan bidiyo a Kano. 'Yan wasan farko daga ƙungiyoyin daɓe da gidajen talabijin suka fito, sun zo da muryoyinsu a gine. Amma kyamara fuska take so, kuma da kasuwa ta buɗe sai kyan fuska da iya rawa suka zama su ne jari. Waƙa, wadda ta zama ginshiƙin finafinan tun daga ƙarshen shekarun 1990, ta raba murya da jiki: mawaƙi yana rerawa a sutudiyo, ɗan wasa yana motsa baki a lambu. Muryoyin mata kuma aka riƙa sirantar da su da na'ura don su yi kama da na finafinan Indiya, har ya zamana 'yan mata goma a finafinai goma murya ɗaya suke waƙa da ita. Masu barkwanci ne suka riƙe tsohuwar hanya. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, yaro ƙarami yana gane muryarsa daga bayan katanga, da kaifinta da yadda kalmomi suke turereniya a bakinsa idan tauraron da yake fitowa ya shiga uku. Wasanni masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, sun sake buɗe wa dattawa da masu hali fili, domin tauraron da za a zauna da shi shekara da shekaru fuska kaɗai ba ta riƙe shi.

Wurin da aikin murya ya koma da ƙarfi a shekarun 2010 wuri ne da ba a zata ba, wato ɗakunan fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, irin su Algaita. An soki wannan sana'a, wasu don ta karya kasuwar finafinan gida, wasu don kalaman da take cusa wa yara, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka, mai nazarin murya ba zai wuce ta ba tare da ya tsaya ba. Matashin da yake zaune gaban makirfo a Kano yana kallon jarumin da aka ɗauka a Mumbai ko Haidarabad dole ya auna jimlarsa ta Hausa daidai da buɗewar bakin wancan da rufewarsa. Idan jarumin ya ja numfashi kafin ya yi magana, shi ma sai ya ja, idan ya yi gudu ya tsaya yana haki, shi ma sai ya yi haki alhali yana zaune a kujera. Sau da yawa mutum ɗaya ne zai yi jarumi, ya koma ya yi mugun, ya sake komawa ya yi tsohon da yake ba su shawara, kuma 'yan kallo a gidan kallo suna bambance ukun nan ba tare da sun ruɗe ba.